Gidan da Muka Je Aunawa Gaba da Barkiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun da muka dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce, "Sa'a, wai da gaske an kama ku?" Waccan ta ce ita ji ta yi ɓarayin daji ne suka tare mu, har akwai wadda ta kira Ummata tana yi mata jaje. Duk wadda na fara ba labarin da baki, ina zuwa tsakiya sai murya ta ƙi fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta, don Allah daga nan a bar tambayata. Ba ɓarayi ne suka tare mu ba. Mu ne aka ɗauka ɓarayin.

Waɗanda muka rabu tun gama sakandare wataƙila ba ku sani ba, na samu shiga kwaleji nan Dutsin-Ma, ina shekarar farko a karatun kula da gidaje da filaye. Kawuna yana ce mashi dillancin boko. Ana koya mana yadda ake duba gida kafin a ba da shi haya ko a sayar, yadda ake auna shi, a ƙiyasta darajarshi, da yadda ake zama da ɗan haya ba tare da an kai ga alƙali ba. Malaminmu, Malam Lawal, yana da ɗan ofis a cikin gari, kuma duk ƙarshen zango yakan ɗauki ɗalibai ya tafi da su aikin gaske. Abu guda ne ba ya gajiya da maimaita mana a aji: abin da mai gida ya gaya maka amana ce, ko matarshi ce ta tambaye ka, ka ce ta tambayi mijinta.

A wannan karon ya ɗauki Bashir da Sale, sannan ya ce dole sai da mace, saboda gidan da za a duba gidan ba-shiga ne, namiji iyakarshi zaure. Da kanshi ya zo ya roƙi Abbanmu. Da ƙyar Abba ya yarda, ya ce, "Malam, amana ce na ba ka."

A motar Malam muka tafi, wata tsohuwa wadda ƙofar baya sai an buɗe ta daga waje. Bashir ya shige gaba tun kafin a ce mashi. Ɗan birnin Katsina ne, takalmi sau-ciki, jaka a hammata, kuma tun yanzu yana son a riƙa ce mashi Safiyo, wato ƙwararren mai awon filaye. Ni da Sale muka zauna baya, akwatin kayan awo a tsakaninmu. Sale Bafulatani ne daga wajen Kutawa, dogo, siriri, mai shiru-shiru. Babanshi manomi ne, shi kuwa Fulatancin da ya iya bai wuce gaisuwa ba. A ajinmu babu wanda ya kai shi iya zanen gida.

"Ardo, yau za mu bi ta wajen danginka," in ji Bashir. "Ka sa a tatso mana na safe."

"In ka iya bambanta gero da dawa a gonakin nan, ni zan tatso maka da hannuna," in ji Sale.

Bashir ya leƙa ta taga ya nuna masara ya ce ga gero nan. Har Malam sai da ya yi dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Damina ta yi kyau bana, dawa ta fi mutum tsawo, ta zo har bakin kwalta. Na lura Malam ba gabanshi kawai yake kallo ba, motocin da ke zuwa daga Kurfi yake lura da su. In ya ga sun ɗauke na ɗan lokaci sai ya rage gudu, ya yi shiru, har sai wata ta ɓullo direbanta ya ɗaga mashi hannu. Na tambaye shi, ya ce a hanyar nan, titi in ya yi tsit ba alheri ba ne. Daga nan ni ma na koma neman motoci da ido.

A hanyar ne ya gaya mana aikin. Ranar farko za mu duba wasu shagunan haya a cikin Kurfi. Washegari kuma mu je wani ƙauye gaba da Barkiya, ba zan faɗi sunanshi ba. Wani Alhaji ɗan garin da ke zaune Kaduna yana da gida a can, shi ya gina shi da bulo, mahaifiyarshi da ƙanenshi ke ciki. Ya samu mai saye, wani ɗan kasuwar hatsi da ke son mayar da shi sito, shi kuma Alhajin so yake ya kwashe tsohuwar ya mayar da ita Kaduna saboda halin da ake ciki. Ya ba Malam makullin sashenshi, ya ce ya riga ya gaya wa ƙanen muna zuwa duba gida.

"Amma maganar sayarwa," in ji Malam, yana kallonmu ta madubi, "ko da wasa kada in ji ta a bakin kowa. Musamman ke, Sa'adatu, da za ki shiga wajen mata. Tsohuwar ba ta sani ba. Ya ce shi zai zo da kanshi ya lallashe ta."

Na ce to.

Aikin Kurfi ya tafi lafiya. Wani tela ne a shagon farko. Bashir ya gyara murya ya tambaye shi ko rufin yana yoyo.

"A'a," in ji telan, bai ko ɗago daga kekenshi ba. "Sai dai in ana ruwa."

"To bari in rubuta."

"Rubuta, ɗan samari. Na bara ma ya rubuta, rubutunshi har ya fi naka kyau."

Tef ɗin awo ya kuɓuce wa Bashir ya dawo ya fyaɗe mashi yatsa, mai shayin da ke gefe ya ce sannu Safiyo. Muka ci ɗanwake a bakin tasha, yajinshi sai da ya sa ni hawaye. A raina na ce in dai aikin kenan, ai zan iya.

A gidan yayar Malam muka sauka, Hajiya Mairo, maza suka kwana a ɗakin zaure. Nan na fara ganin abin da ban saba ba. Mu a unguwarmu bayan isha'i ne hira ke daɗi, a aiki yara sayen awara, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Can kuwa tun kafin magariba an ci tuwo an wanke kwanuka. Tuwon dawa ne da miyar ɗanyar kuɓewa, mai daɗi, amma kowa sauri yake. Sai ga mata suna shigowa da goyo da 'yan ƙullin kaya, ashe daga ƙauyukan kusa suke zuwa kullum su kwana cikin gari, da safe su koma. 'Yan matan gidan kowace ta naɗe hijabinta ta ɗora kan takalminta a gefen tabarma. Na cire nawa zan rataya a ƙusa, babbarsu ta ce, "Anti, ajiye shi inda hannunki zai kai."

Wata daga cikin matan ƙauyen ta ji inda za mu, ta ajiye ƙullin kayanta ta dube ni.

"Kun aika an san da zuwanku?"

Na ce mai gidan ya gaya wa ƙanenshi.

"Ta waya? Garin da sai an hau dutse ake samun sabis?" Ta girgiza kai. "To, Allah ya kai ku lafiya. Ku dai bi ta ƙofa."

Ban gane abin da take nufi da ƙofa ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Da safe, muna barin kwalta muka tarar da shinge, gungumen icce a kan duwatsu, da 'yan sa-kai suna zaune a inuwa. Suka gaisa da Malam, suka leƙa suka kalli Bashir, suka kalle ni. Da suka zo kan Sale sai ɗaya ya ce ya fito. Sale ya nuna katin makaranta. Aka juya katin gaba da baya, aka ce ya buɗe kafaɗarshi, wai suna duba ko akwai sawun igiyar bindiga. Aka duba tafin hannunshi. Sannan aka ce mu wuce. Da ya dawo mota yana ɓalla maɓallin rigarshi, Bashir bai sake ce mashi Ardo ba.

"Kullum haka ne?" na tambaye shi a hankali.

"In an yi sa'a," ya ce.

Hanyar daji ce, laka da kwazazzabai. Muna dab da garin muka iske wani rafi ya kawo ruwa, mota ba za ta iya tsallakewa ba. Malam ya ce mu bar ta nan. Muka tuɓe takalma muka ratsa ta inda ruwan bai kai gwiwa ba, muka bi wata 'yar siririyar hanya ta cikin dawa, ba ka ganin komai sai ganye. Ita ta fito da mu bayan gari, daidai bayan gidan Alhajin, don shi kaɗai ne na bulo. Sai daga baya na sani, garin yana da mashiga guda inda 'yan sa-kai ke zama, duk baƙo nan yake faɗin sunanshi da wanda ya zo wurinshi. Ita ce ƙofar da matar nan ke nufi. Mu ta baya muka shigo, kamar yadda masu zuwa da dare ke shigowa.

Malam ya ce mu fara zuwa gaida mai unguwa. Muka je, aka ce yana gona. Liman ma yana gona. Ashe yanzu maza gaba ɗaya suke fita noma, 'yan sa-kai na tsaronsu, su dawo tare. Garin ba kowa sai mata da tsofaffi. Malam ya kalli gabas, hadari yana haɗuwa. Ya ce in aka yi ruwa rafin nan zai rufe mu.

"Mu fara kawai. In sun dawo sai mu gaishe su."

Na yi sallama na shiga. Tsohuwar, Inna Delu, tana zaune bakin ɗakinta tana gyaran zogale. 'Yar ƙarama ce, idonta ɗaya ya yi fari. Matar ƙanen Alhaji, Ladidi, tana daka. Na durƙusa na gaishe su, na ce Alhaji ne ya turo mu mu duba gidan.

"Allah ya yi mashi albarka," in ji Inna. "Ya tuna da katangar nan kenan. Tun bara nake faɗa mashi ta tsage. Ladidi, dama wa ɗiyar nan fura."

Ladidi ta dama ta kawo mani. Furar gero ce da nono mai kauri, ban taɓa shan irinta ba.

Sai na fara aiki yadda aka koya mani. Na auna tsakar gida, na auna ɗakuna. Na fara tambayoyin da muka haddace a aji, ina yi ina jin daɗin ban manta ko ɗaya ba. Ƙofa nawa ce a gidan? Ta bayan nan tana kulluwa? Wa ke kwana a wannan ɗakin, wa ke kwana a wancan? Rumbun nan da hatsi a ciki? Dabbobi a ina suke kwana?

Wallahi, 'yan uwa, ko sau ɗaya ban ji yadda tambayoyin nan ke sauka a kunnen wanda aka taɓa shigo wa gida ba. Inna tana amsawa. Ladidi kuwa ta daina daka. Na gan ta ta je jikin katanga ta yi magana da maƙwabciyarta ƙasa-ƙasa, na ɗauka aron wani abu take.

Ina cikin ɗakin Inna na ji usur. Sai wani ya amsa daga nesa. Sai ƙarar mashina, da gudu, da hayaniya kamar kasuwa ta tashi. Na fito da tef a hannu na ruga zaure, na leƙa ta tsagar ƙyaure.

Malam da Bashir suna zaune a ƙasa jikin bango, hular Malam ta faɗi. Sale yana durƙushe a tsakiyar fili, an ɗaure mashi hannu ta baya da igiyar awaki, bakinshi yana jini. A bayan gida suka same shi shi kaɗai, yana ɗaukar hoton katanga. Maza sun dawo daga gona da fartanya da adda, wasu da bindigar toka. Wani mai jar hula da layu a damtse, wanda suke ce wa Kwamanda, yana riƙe da wayar Sale da takardar zanenshi yana nuna wa mutane.

"Ga ƙofar baya. Ga turke. Ga inda katanga ta tsage. Ga zanen gidan kuma, har da kibiya." Ya juya ga Malam. "Ka ce kai malami ne. Ta ina kuka shigo garin nan?"

"Ta rafi, ranka ya daɗe. Mota ce ta…"

"Ta rafi! Kun ji ko? Wa ya turo ku?"

Malam ya faɗi sunan Alhaji, ya ce ƙanenshi ya sani. Aka ce ina Iro, ƙanen Alhajin? Wani mutum ya fito da laka a ƙafa, ya kalli Malam sama da ƙasa.

"Ni ban san da zuwan kowa ba. Rabona da jin muryar Yaya tun sallah."

Aka laluba aljihun Malam aka fito da makullin sashen Alhaji. Wurin ya ɗauki ihu.

"To mu ce shi ya turo ku," in ji Kwamanda. "Ku yi mashi me? Duk gidajen ƙasar Katsina ba ku ga na koyon awo ba sai wannan?"

A nan ne Malam ya yi abin da ya ƙara dagula lamarin. Ya kalli taron, ya kalli Iro, ya ce, "Kwamanda, don Allah mu ɗan keɓe, in gaya maka kai kaɗai."

Ni na san amanar Alhaji yake karewa. Su kuwa abin da suka ji daban ne.

"Zai saye ka, Kwamanda!" wani ya ɗaga murya. "Haka suke yi!"

Wani dattijo ya kutso. Ya ce shi ma kafin a ɗauke mashi 'ya'ya mata, wasu ne suka zo da rana tsaka wai masu sayen kaji. Ya nuna Sale da sanda. "Ku kalli fuskarshi. Waɗannan biyun rakiya suka yi, wannan shi ne ɗan aiken."

"Baba, ni ɗalibi ne," in ji Sale. "Daga Kutawa nake. Mu ma an kore mana shanu."

Wani ya buge shi a ƙeya ya kifa.

Sai na ji an fizgo ni ta baya. Ladidi ce da wasu mata da suka shigo ta katanga. Suka ƙwace wayata da takardata, suka zaunar da ni a tsakar gida. Ladidi tana kuka tana cewa, "Har da wa ke kwana a wane ɗaki ta tambaya! Na dama mata fura da hannuna!" Daga waje na ji Kwamanda yana cewa a tsare sauran biyun, shi kuma yaron a kai shi bayan gari ya yi bayani. Matan suka yi tsit. Daga shirun nasu na gane wanda aka kai bayan gari ba ya dawowa.

Sai Inna Delu ta taso. Ta matso ta zauna gabana, ta kama haɓata ta ɗago, ta sa mani idonta mai gani.

"Ɗiyar nan, kin sha furata. Gaya mani gaskiya tsakaninki da Allah. Me kuka zo yi gidana?"

Na tuna Malam da madubin mota. Na ji ana jan Sale a ƙasa, yana kiran sunan Allah. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Inna, sayar da gidan zai yi. Ya samu mai saye. Mu kuɗinshi muka zo ƙiyastawa. So yake ya tafi da ke Kaduna. Ya ce kada a gaya maki, wai in kin ji daga bakin wani ba za ki ƙara cin abincinshi ba, shi zai zo ya durƙusa ya lallashe ki."

Wannan na ƙarshen Malam ne ya faɗa mana a mota yana dariya. Ban san ma na riƙe shi ba.

Ladidi ta ce, "Ƙarya take! Yaya ya sayar da gida da uwarshi a ciki?"

Inna ta saki haɓata. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinta.

"Ba ƙarya ba ne," ta ce. "Ni na faɗa mashi haka da sallah, mu biyu a ɗakin can. Na ce in ya ƙara yi mani maganar Kaduna na bar cin abincinshi."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ko mayafi ba ta tsaya nema ba, zanen da ke kan igiya ta ja ta yafa. Ta ce in biyo ta. Na bi ta.

Sun riga sun kai Sale bakin lungu. Inna ba ta da murya, sai ta ɗauki wani tsohon kwano a zaure ta riƙa buga shi da ƙyaure har aka waiwayo.

"Kai, Mamman," ta ce wa Kwamanda. Ashe sunanshi kenan. "Ni na yanke maka cibi. Kwance yaron nan."

"Inna, ki koma ciki. Ba ki san irin mutanen nan ba."

"Na san wanda ya aiko su, ni na haife shi. Gidan zai sayar. Ya ji kunyar faɗa mani, ya ji kunyar faɗa wa Iro, shi ne ya turo 'ya'yan mutane su zo su mutu a ƙofata. Ga abin da malamin nan ke ɓoyo. Kun ji, hankalinku ya kwanta? Yanzu duk gari ya san ɗana ya gaji da ni a nan."

Iro ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Kwamanda ya kalli Malam.

"Haka ne?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Haka ne."

"Kuma ka zauna kana kallo za a tafi da yaro?"

"Na ce mu keɓe…"

"Malam, a garin nan ba a keɓewa."

Inna ta taka da kanta har inda Sale yake, ta tsaya a kanshi har aka kwance igiyar. Hannunshi ya kumbura, ya kasa ɗaga shi. Ta sa gefen zanenta ta goge mashi baki. Aka sa ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya a gaban Kwamanda, aka yaga zanen da ya yi, aka mayar mana da wayoyinmu.

Na zo zan wuce, Inna ta riƙe mani hannu.

"Kin gama awon ɗakina?"

Na ce a'a, Inna, a bar shi.

"To ki faɗa mashi da baki. Ki ce akwai tsohuwa guda a ɗakin gabas, ya tambayi mai hatsin ko da ita zai saya."

Ta juya ta shige. Ban ƙara ganinta ba.

Su waɗanda suka ɗaure Sale su ne suka raka mu har rafi, ta ƙofar gari wannan karon. An fara yayyafi, motar ta kafe a laka, suka taru suka tura ta. Wanda ya buge shi a ƙeya ya karyo ɗanyar masara a gonarshi ya miƙo ta taga, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan uwa, zamanin ne ya zo da haka." Sale ya karɓa ya ajiye a ƙasan mota. Haka muka wuce Kurfi muka nufi Dutsin-Ma. Bashir kuka yake a hankali, fuskarshi a taga. Ni kuwa ban ma san ana wucewa da motoci ko ba a wucewa ba.

Malam ya kai ni har gida ya gaya wa Abba komai, bai rage ba. Alhajin ya kira shi daga baya ya yi ta faɗa, ya karɓe aikin. Ni Malam bai ce mani na yi daidai ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Har yau in mashin ya tsaya a ƙofar gidanmu sai na tashi tsaye. In na rufe ido, wani lokacin Sale nake gani a ƙasa, wani lokacin Inna tana kallon ƙofar ɗakinta.

An koma makaranta, kujerar Sale ba kowa. Shekaranjiya na daure na kira shi. Ya ce kumburin hannun ya sace, yana taya babanshi aikin gona. Na ce yaushe zai dawo, jarrabawa ta kusa, kuma kowa ya san shi ne zai zo na ɗaya.

"Sa'a," ya ce, "aikin nan gaba ɗayanshi tsayawa ne a ƙofar gidan mutane kana kallo. Ke in kin tsaya, ɗaliba ce. Bashir in ya tsaya, ma'aikaci ne. Ni in na tsaya fa?"

Na buɗe baki in ce mashi ba ko'ina ne haka ba. Na kasa. Na ce Allah ya kyauta, ya ce amin. Daga nan ba wanda ya kashe a cikinmu, ina jin kukan kajinsu ta cikin wayar har katina ya ƙare.